Zuwa ga Bawana Bazazzagi: Zunubi Ba Haifaffen Kano Ba Ne

Malam Bazazzagi, an ce kana yawo a Tudun Wada kana faɗin wai a kasuwar Kurmi aka ƙirƙiro zunubi, ranar da Bakano ya fara tauye mudu. To, gyara zama, ubangidanka na Kabo zai karantar da kai, tunda jami'ar da aka kafa muku a 1962 ba ta yi ba.

Zunubi baƙo ne. Balarabe yana cewa "zanb" in guda ne, "zunub" in suna da yawa. Harafin farkon nan da ake ɗan fito da harshe a faɗe shi, Bahaushe ya mai da shi "z", kamar yadda ya yi wa zikiri da izini da azaba. Ka lura da kyau: jam'in muka ɗauko muka mai da shi tilo. Haka muka wadatu da shi a Kano tun zuwan Wangarawa zamanin Sarki Yaji. Sai da kalmar ta isa Zazzau aka ga jam'i ɗaya ba zai ɗauke kayanku ba, aka ƙara wani a kai, aka ce "zunubai". Wannan ƙarshen fatawata ce, kada ka neme ta a littafi.

Tushen kalmar ɗaya ne da "zanab", wato wutsiya, abin da ke bin mai shi duk inda ya sa ƙafa, kamar yadda kake bin motocin Kano kana neman ciranin kaka.

Aron nan ba mu kaɗai ba ne. Mutanen Wales na Birtaniya suna cewa "pechod", daga "peccatum" na Latin, yaren Rumawan da suka mallake su, kuma can Faransanci ya samo nasa. Mu dai muna da "saɓo" namu na gida, daga saɓa wa umarni. Ku ma kun iya shi, ku da kuke cewa "matata ya zo" ba ko istigfari.

Kuma kar ka manta, marigayi Alhaji Muhammadu Ɗankabo, Jarman Kano, shi ya kafa Kabo Air a 1980, jiragensa suka yi ta kai alhazanku Makka a wanke musu zunubai. Har yau ba mu ga ɗan aikenku da godiya ba. Ka biyo hanyar Gwarzo ka sauka Kabo da buhun masara, mu duba ko za a yafe maka.