Kalanda da Zafin Kontagora

A Turai watan Maris lokacin furanni ne. A Kontagora kuwa bazara ce tsagwaronta, rana na dukan ƙeya, mangwaro kaɗai ke murna. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 20 ga Maris Ranar Farin Ciki, da alama ba ta shawarci mai kwana a tsakar gida yana gumi ba. Ranar 22 kuma ta Ruwa ce, daidai lokacin da rijiyoyi ke ja da baya, 'yan ga-ruwa na taƙama kamar jikokin Sarki Nagwamatse. Sai 1 ga Afrilu, ranar da Turawa ke sharara wa juna ƙarya, ranar ce Jihar Neja, inda Kontagora take, ta fara aiki a 1976. Jihar madatsun lantarki na Kainji da Shiroro ke nan, amma mafici ya fi fanka shan aiki.