Wahalar Saye a Duwatsun Nowe

Allah Ya ba mutanen Nowe man fetur tun 1969, suka tara rararsa a asusun da ya haye dala tiriliyan ɗaya, gidajensu har daɓen banɗaki ɗumi yake yi. Da daɗi ya ishe su, sai suka bazama neman inda ake sayar da wahala, kuma suka dace. Duk hutun Ista mutum zai kulle gidansa mai lantarki da ruwan zafi, ya goya jaka, ya ɗaura dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙi sanduna biyu, ya bi ayarin abokai suna zamiya a kan dusar ƙanƙara daga wannan bukka zuwa waccan, kwana huɗu ko biyar. Wai hutu ke nan.

Wahalar ma har ƙungiya gare ta. Sunanta DNT, an kafa ta a 1868, tana da bukkokin katako sama da 500 warwatse a tsaunuka, da yawansu ba lantarki ba famfo. Mai son ruwa ya cika bokiti da dusar ƙanƙara ya ɗora a murhu. Masai kuwa yana can waje shi kaɗai cikin iska, don haka da tsakar dare za ka ga babban alƙali kwance ido biyu, yana sasantawa da mararsa ko za ta yi haƙuri zuwa asuba.

Masu bin tudun Hardangervidda sukan sauka daga jirgin ƙasa a tashar Finse, mita 1,222 sama da teku. Tun a nan ayari ke nuna halinsa. Akwai jagoran da ba wanda ya naɗa shi, taswira rataye a wuya, ko ka tambaye shi da hantsi ko da la'asar amsarsa ɗaya ce: "Saura kaɗan, bayan wancan tudun ne." Bayan wancan tudun kuwa wani tudun ne. Akwai malamin kaki, wanda zai tsayar da mutum takwas cikin sanyi yana bayanin ko shuɗin kaki ya dace a goga wa allo yau ko ja; in kowa ya yi ta sulɓewa baya a hawa, sai ya ce yanayi ne ya ci amana. Sai kuma abin tausayi, baƙon da ya auri 'yar ƙasa. An ce masa 'yar tafiya ce mai sauƙi. Ga shi can ƙarshen layi, diddige duk bororo, ya faɗi ya tashi, surukarsa mai shekara saba'in ta wuce shi tana ɓare lemo.

Lemon nan ba wasa ba ne. Lemon zaƙi da cakulan Kvikk Lunsj, wanda ake yi tun 1937, su ne guzurin da in babu su tafiya ba ta karɓu ba. Na ukunsu littafin labarin kisan kai. Al'adarsu ce karanta irin waɗannan labarai a hutun Ista, har a jikin kwalin madara an sha buga su. Wato mutum ya je inda ba maƙwabci, ba sabis, ya kunna kyandir, ya zauna karanta yadda aka kashe wani a bukka irin tasa.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne gaisuwa. Mutumin Oslo ya gwammace ya tsaya a bas da ya zauna kusa da wanda bai sani ba, maƙwabcinsa na shekara goma ma sai ya kau da kai. Amma da zarar ya hau tsauni, sai bakinsa ya buɗe, ya gaida kowa, har karen mutane. Da dare kuma, tunda ba a korar wanda ya iso bukka, in gado ya ƙare a shimfiɗa katifa a ƙasa, sai ka ga mai gudun kujerar bas kwance kafaɗa da kafaɗa da baƙo mai minshari, jiƙaƙƙun safunan mutum ashirin na turare ɗakin daga saman murhu, shi kuwa yana murmushi.

Wasu bukkokin ba mai gadi ba ma'aikaci. Ɗan ƙungiya yana da makullin da ke buɗe su, a ciki ga ɗakin ajiya cike da gwangwanayen abinci. Ka ɗauki abin da kake so, ka rubuta da hannunka, ka biya daga baya. Mai kantin unguwarmu, wanda ya manna "Ba Bashi" a ƙofa kuma duk da haka littafin bashinsa ya cika, da zai ji wannan tsari sai an yayyafa masa ruwa.

Sai dai tsaunin bai san raha ba. Roald Amundsen, wanda ya riga kowa isa ƙarshen kudancin duniya a 1911, saura ƙiris ya halaka a Hardangervidda a 1896. A Istar 1967 mutum 18 suka mutu a duwatsun ƙasar, abin da ya sa aka tsananta wayar da kai kan ƙa'idojin hawa tsauni. Ɗaya daga cikinsu tana tunatar da matafiyi cewa juyawa baya ba abin kunya ba ne. Kowa ya haddace ta, kowa kuma jira yake wani ya fara faɗa, don a samu wanda za a ɗora wa laifin komawa.

Ranar ƙarshe a gangaro tasha da fuska a ƙone, in ban da zagayen da tabarau ya rufe. Ana shiga jirgi gaisuwa ta ƙare, kowa ya zaro waya ya nemi kujerar da ba kowa kusa. Ran Talata a ofis a yi ta gasar wanda ya fi shan wuya, wanda farcen ƙafarsa ya cire shi ne gwani. Baƙon suruki kuwa, da yake ya yi kuskuren cewa ya ji daɗi, tuni an rubuta sunansa a tafiyar baɗi, wadda aka ce za ta ɗan fi tsawo.