Gishirin da Ke Ƙyamar Ruwa

Gishirin miya baƙo ne mai ladabi. Da ya shiga ruwa sai ya rabu gida biyu, sodiyam da kuloraid, ƙwayoyin ruwa su kewaye kowanne ana gaisawa. Amma akwai wani dangin gishiri, irin su tetrabutylammonium bromide, wanda ke zuwa da hannaye huɗu masu maiƙo, na kabon da haidirojin. Cajinsa na neman ruwa, hannayensa na gudunsa, sai zaman doya da manja.

Ruwa kuwa bai iya korar baƙo ba. Ƙwayoyinsa sukan ƙara riƙe juna, su yi wa baƙon shinge kamar keji. A shekarar 1945 masana kimiyya Frank da Evans suka kamanta irin wannan shinge da tsibirin ƙanƙara. Sakamakon wannan shinge shi ne ƙwayoyin da ke gadi su rage walwala, ruwan ya ƙara kauri, ƙarfin fatar samansa ya ragu. Idan gishirin tetrabutylammonium bromide ya yi yawa, cakuɗin yakan daskare tun a wajen digiri 12 na Salsiyas, alhali ruwa zalla sai ya kai sifiri. Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ashe kauri ma ba ya yi banza.