Wasiƙa ga Kaka, daga Jojiya

Zuwa ga tsohon maharbi, Kakana,

Ina fata 'yan haƙoran da suka rage suna nan daram suna jiran nama.

Tsoho, gyara zama ka sha labari. Adakar nan taka da samarin gari ke yi wa dariya suna kiranta harba-ka-ruga, a nan Amurka mai daraja ce. A jihar Jojiya, cikin watan Oktoba, kafin a buɗe daji ga masu bindigar zamani, ana ware mako guda ga masu baka da masu bindigar ɗuri ta baki. Mutum da motarsa da kuɗinsa zai tsaya yana danna albarushi da sanda, yana alfahari. Da kana nan, da tuni sun naɗa ka Sarkin Baka. Sai dai za su raba ka da kan burtu da baƙar rigar layu, su sa maka riga mai ruwan lemo, doka ce, don kada ɗan'uwanka maharbi ya ɗauke ka dabba. Barewa ba ta bambance launin sosai.

Inda za ku yi faɗa da su shi ne wajen ɗuri. Kai ka zuba albarushi a tafin hannu, ka tura tsumma, ka bi da duk abin da Allah ya hore, guntun ƙusa ko 'ya'yan boris na keke, ka auna da yatsu a jikin sanda, shi ke nan. Su kuwa da ɗan mudunsu na tagulla, awon kuma sunansa giren. Bakin bindigar rabin inci ne, yawanci kuma giren 100 ake zubawa. Akwai albarushin gargajiya irin naka, akwai na kanti masu suna Pyrodex da Triple Seven da Blackhorn 209. Wani ma an curo shi ƙwaya-ƙwaya, kowace giren 50, ka jefa biyu ka huta. Masu son a sani suna jefa uku, su wayi gari suna neman mai gyaran kafaɗa, alhali barewar ba ta fi mutuwa ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne harsashi, domin dabba biyu ne a dajin nan kuma jikinsu ba ɗaya ba. Barewarsu mai farar wutsiya fatarta sirara ce. Harsashi mai giren 250, wanda ake sa wa 'yar rigar roba don ya kama cikin bututu, yana buɗewa da ya shiga, ya gama da ita nan take. Ko dunƙulen dalma na mutanen da, mai giren kusan 180, ya ishe ta in ta matso kusa. Aladen daji kuwa, ɗan'uwan gadunku, wani abu ne daban. Tsohon namiji yana da garkuwar guringuntsi mai kauri a kafaɗa, wadda ke kare shi daga hauren 'yan'uwansa in ana faɗa. Harsashi mai laushi yana iya bajewa a kanta bai kai huhu ba, ka raunata dabba a banza, ta shige ƙaya tana wahala, ko ta juyo kanka bindiga babu komai ciki. Ga shi zuciyar aladen ta fi ta barewa yin ƙasa da gaba, sai ka saita daf da ƙafar gaba.

Don haka ni ɗuri ɗaya na tsayar: albarushi giren 100, harsashi mai tauri giren 300. Harbi ɗaya ke gare ka, kuma daji ba ya aiko da saƙon wanda zai fito. Abin da ya huda garkuwar alade, haƙarƙarin barewa ba zai gagare shi ba. Na gwada shi a allo har na san inda yake faɗawa, domin kowace bindiga da abincin da take so.

Na san ka riga ka zaro ido tun da ka ji an ambaci alade. Kwantar da hankalinka, ko a mafarki bai shiga tukunyata ba. Jojiya ƙasar gyaɗa ce, ta fi kowace jiha a Amurka nomanta, kuma garken aladu kan tone gona a dare ɗaya. Turawan Sifaniya ne suka shigo da su, ayarin de Soto ya sauka da su a Fulorida a 1539, wasu suka tsere suka hayayyafa. A gonar mutum babu lokacin da aka hana harbinsu, babu kuma iyakar adadi. Taimakon manomi nake yi, shi ke ɗauke abinsa. Barewa kuwa da Bismillah nake jan kunama, wuƙata na kugu, in na tarar da sauran rai na yanka.

Yanzu a ajiye wasa, Kaka. Ka ja kunnen yaran da ke bin ka farauta: kada wanda ya kuskura ya fasa harsashin zamani ya juye garinsa cikin adaka. Ƙarfinsa ya fi ƙarfin bututun, fashewa zai yi a hannu. A kuma danna harsashi har ya zauna a kan albarushi, kada a bar sarari a tsakani. A nan ana yi wa sanda alama, da an zura a gane ko akwai tsohon ɗuri a ciki, kada a yi biyu. In an dawo gida a wanke bututu da ruwan zafi da sabulu, don toka na cin ƙarfe. Kai suke jin maganarka.

Cinyar da ke rabonka tana cikin firji, amma kilishin ba zai iso ba sai na zo da kaina. Ka gaishe min da amaryata, ka ce mata ta ƙara haƙuri da zama da tsoho. Na ba ka aronta zuwa babbar Sallah, kuma atamfarta ta fi hularka tsada.

Naka,
Jikanka, angon gidan na gaskiya.