Yatsu Biyu, Uzuri Dubu

Ni ne mai buga wa 'yan unguwarmu a Kebbe takardar neman aiki da katin ɗaurin aure. Shafi guda kan ci mini rabin sa'a, kuma shekara uku ina ɗora wa laftof ɗina laifin. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na ƙarfe.

Hujjojina ma ba na banza ba ne. Maɓallin babban kibod, irin na kwamfutar tebur, yakan nutse kusan milimita 4, yatsa ya san ya danna. Na laftof bai fi milimita 1 zuwa 2 ba, kamar kana ƙwanƙwasa faranti. Babban yana da maɓallai 104, lambobi da ɗakinsu daban a hannun dama, ƙaramin kuwa an cushe kowa wuri guda kamar fasinjan ranar kasuwa. Ga faifan linzami a ƙarƙashin tafin hannu, ka ɗan goge shi, rubutu ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar sunan ango. Allon kallo kuma manne yake da maɓallai, in ka ɗaga don wuya ya huta, hannu ya sha wuya. A zafin Afrilu har gasa tafi yake.

Sai na yi zuciya. Na bi ta Tambuwal har Sakkwato na sayo babban kibod, na rungumo shi a mota kamar jariri. Na jona, na gyara zama. Rabin sa'ar nan tana nan daram, ƙara kawai ta ƙaru.

'Yar ƙanwata, wadda ta koyi bugu saboda jarrabawar JAMB da ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015, ta tsaya a kaina tana kallo.

"Kawu, mi kaka yi da sauran yatsun takwas?"

Ashe kaza ce ni, tsabar haruffa nake tsinta da manuniya biyu. Ta nuna mini 'yan ƙurajen da ke kan F da J, inda ake aza manuniya ba sai an duba ba. Ni da na ɗauka kuskuren kamfani ne, har na taɓa kankarar ɗaya da reza! Ta ja laftof ɗin da nake ɓata wa suna, ta gama shafin kafin shayina ya huce.

Yanzu babban kibod yana saman kwaba yana shan ƙura. Mai tambaya kuwa ina ce masa rashin ƙ da ɗ da ɓ ne ke jinkirta ni. Takardar jiya da Turanci na buga ta, rabin sa'a cif.