Karara, Sabon Takalmi da Totuwar Masara

Akwai daɗin da ake saye da kuɗi, akwai wanda ake samu da sanayya, akwai kuma wanda Allah yake ɓoye wa bawansa a bayan wata 'yar ƙaramar azaba. Na farko da na biyu sun fi ƙarfin ma'aikaci mai jiran ƙarshen wata irina. Na ukun kuwa digiri gare ni a kansa, kuma ba a Jami'ar Tarayya ta Lafiya na samo shi ba. A Arikya aka ba ni, a gaban shaidu, har da kiɗa.

Arikya ɗaya ce daga mazaɓu 13 na ƙaramar hukumar Lafiya a jihar Nasarawa. Kada jin sunan Lafiya ya sa ka zaci unguwa ce a bayan fadar Sarki. Garin manoma ne, sai ka yi tafiya kafin ka gan shi. Ɗaurin auren wani abokin aikina ne ya kai ni, a watan Fabrairun 2023, ana saura 'yan kwanaki zaɓen shugaban ƙasa. Wanda ya rayu a Najeriya a wancan wata ba ya bukatar tuni. Lokacin canjin kuɗi ne: kuɗinka suna banki, kai kana rana a layi, ana sayen naira da naira, mai POS ya zama wanda ake gaisarwa da ladabi.

Ango ya riga ya sanar da danginsa cewa babban baƙo yana tafe daga Lafiya. Babban baƙo kuwa ba ya zuwa da tsohon takalmi. Na kai farar shaddata ta babbar salla wurin mai wanki, ya ɗura mata sitaci har ta iya tsayuwa ita kaɗai, sannan na nufi kasuwa. Ƙafata lamba 44 ce tun ina saurayi. Takalmin da ya kwanta mini a rai 42 ne. Mai takalmin ya dafa ƙirji ya ce, "Alhaji, fatar Italiya ce, saki take yi. Kafin ka kai bakin titi ta san ƙafarka." Ni dai ban taɓa zuwa Makka ba. Amma wanda ya kira ka Alhaji a tsakiyar kasuwa, ya kuma yarda da taransifa a irin wannan lokaci, ba ka tsaya musu da shi a kan lamba biyu.

Da safe uwargida ta ga ina tura ƙafa da bayan cokali, ta ce, "Baban yara, wannan takalmin naka ne ko na ɗanka?" Na ce mata sha'anin fata ba na mata ba ne. Ta ce, "To, Allah ya kiyaye hanya," da irin muryar nan da ka san addu'ar tana da wutsiya.

Inda mota ta sauke mu na hau acaɓa. Yaron ya ce ya san yanke ta cikin gonaki, na ce bismilla. Hagu da dama tulin doya ne iya ganinka, an riga an ɗaga su ana jiran damina. Ƙasar doya ce da riɗi da agushi, kuma riɗin Najeriya har Japan da Sin da Turkiyya ake kai shi. Ni a ranar abin da ƙasar ta ba ni kyauta jar ƙura ce. Kafin mu yi nisa farar shaddata ta koma ruwan goro. Yatsuna kuwa tun daga tasha suka daina gaisawa da juna.

Sai shayin safe ya nemi hanyar fita. Na ce yaron ya tsaya. Na hangi wata inuwa mai duhu, bishiya ce da wani yaɗo ya lulluɓe, na nufe ta da babbar rigata tana shara. Yaron ya ɗaga murya, "Oga, ba ta nan ba! Oga!" Na ɗaga masa hannu irin na manya. Yaron da bai kai ɗan farina ba ne zai koya mini inda ake kama ruwa? Na sunkuya na shige, wasu 'ya'yan itace masu laushin gashi suka shafe ni a wuya da baya. Har na ji daɗin laushinsu. Da na dawo na tarar yaron ya matsa can gaba kan tankin mai, ya bar mini kujerar gaba ɗaya. Na ce a raina, har yanzu akwai tarbiyya a ƙauye.

Muna isa ƙofar gidan biki na zaro waya. Yaron ya ce, "Oga, ni ba na cin taransifa. Man nan da kuɗi a hannu na saye shi." Ko da yana ci ma, wayar ta nuna ba ta san inda muke ba. Jama'a suka fara taruwa don tarbar babban baƙo, babban baƙo kuwa yana lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya, gumi yana yanka hanya a cikin ƙurar fuskarsa. Can a ƙaramin aljihun wando yatsana ya taɓo wani abu a dunƙule. Na jawo. Tsofaffin naira ɗari biyu ne guda uku, ragowar barka da salla, sun sha wanki da sitaci sun bushe ƙayau. Ranar 16 ga Fabrairu, Shugaba Buhari ya sanar cewa tsohuwar ɗari biyu za ta ci gaba da aiki har 10 ga Afrilu. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki. An sha biyana albashi, an taɓa ba ni bashin banki, amma ban taɓa yi wa kuɗi murmushi irin wanda na yi wa wannan ɗari shida ba. Allah ya yi wa mai wankina albarka, ko amana ce ta hana shi, ko rashin lura.

Dattawa suna kan tabarmi, ƙafafunsu a sake, iska tana shiga tsakanin yatsu. Ni aka kawo mini kujerar roba. Na karɓa da sauri, domin na san in takalmin nan ya fita, ko da kotu ba zai koma ba. Liman ya fara huɗuba, wuyana ya fara tasa. Da fari ɗan tsikari ne a ƙeya. Sai ya gangara tsakanin kafaɗu, daidai wurin nan da Allah ya halitta hannu ba ya kaiwa. Da aka shafa fatiha kowa ya shafa fuska ya sauke hannu. Ni tawa shafar ta zarce wuya, ta zagaya ƙeya, ta nutse cikin riga. Wani dattijo kusa da ni ya gyaɗa kai ya ce wa na gefensa, "Ka ga masu ilimi, har baya suke kai albarka."

Ana cikin rabon goro aka ce baƙon Lafiya zai yi jawabi a madadin abokan ango. Na miƙe. Takalmi ya cije ni daga ƙasa, baya ya kama da wuta daga sama. Na ce, "Jama'a, aure haƙuri ne," kafaɗar dama ta ɗaga da kanta. Na ce, "Aure juriya ne," ta hagu ta amsa. Na gane in na murza kafaɗu sitacin rigar yana ɗan karce mini baya, sai na ci gaba da murzawa. Mai kalangu da ke rakuɓe yana jiran a gama ya zuba mini ido, ya ga sana'a ta samu, ya saka kiɗa daidai da motsina. Maroƙi ya zaburo: "Ga na Lafiya! Ga mai rawar kafaɗa, ba a koya maka ba!" Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa daga cikin gida. Yara suka kewaye ni suna kwaikwayo. Maroƙin ya miƙo hannu, ni kuwa dukiyata gaba ɗaya ta tafi a kan acaɓa.

Kawun ango ne ya cece ni, wani tsoho mai farin gemu da bai yi dariya ba sai daga baya. Ya ce, "Ɗana, zo nan. Ka tsaya a hanya?"

"Na tsaya, Baba."

"Gindin bishiya mai yaɗo?"

"Nan ne, Baba. Inuwa ce mai kyau."

"Ai dole ta yi kyau, tunda ba mai zama cikinta. Karara ce. Kai, ku kawo toka da manja da totuwa. Kada wanda ya watsa masa ruwa."

Yankin Lafiya matattarar ƙabilu ce: Eggon, Alago, Gwandara, Migili, Rindre, Fulani da Barebari, Hausa kuma ita ke haɗa su a kasuwa. Da labarin ya zagaya, kowa ya fara yin dariyarsa a gida, sannan aka haɗu aka yi mini ta tarayya.

Ga ɗan birni irina, karara yaɗo ce dangin wake. 'Ya'yanta suna lulluɓe da ƙananan gashi masu tsini, ɗauke da wani sinadari mai ta da ƙaiƙayi. Da rani in ta bushe, iska kaɗai ta isa ta kawo maka saƙonta har inda kake. Ni ban jira iska ba, da ƙafata na je.

Aka kai ni bayan rumbu, aka tuɓe mini riga. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Baba ya barbaɗa toka, ya ɗauki busasshiyar totuwar masara, ya ɗora ta tsakanin kafaɗuna ya ja ƙasa a hankali. Jama'a, na ci kilishi, na kwana a otal mai na'urar sanyaya ɗaki da kuɗin ofis, na ga ranar da aka ƙara mini girma. Duk ba su kama ƙafar wannan jan totuwa ba. Idanuna suka rufe da kansu. Na ji bakina yana cewa, "Sama kaɗan, Baba. Dama. Nan! Allah ya ba ka Aljanna, Baba." Ya ce, "Amin, amma ka rage murya, surukai suna ji." Sannan ya bi ni da manja har na yi ƙyalli.

Masana sun ce farce ko totuwa suna jawo ɗan zafi ne kaɗan, zafin ya danne saƙon ƙaiƙayi kafin ya isa ƙwaƙwalwa. A 2012 ma wasu masu bincike a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, tare da likitan fata Gil Yosipovitch, sun tara mutum 18 suka goga musu gashin karara a hannu da baya da idon sawu, suka riƙa sosa musu da buroshi suna tambayarsu ina ya fi daɗi. Sakamakon ya nuna baya da idon sawu sun fi hannu, kuma daɗin idon sawu ya fi daɗewa. Da sun aiko Arikya, da Baba ya ba su amsar baya a tsaye, ba tare da an kashe dala ko ɗaya ba.

Sai aka zo kan takalmi. Samari biyu aka sa, ɗaya ya riƙe ni ta hamata, ɗaya ya kama dunduniya. Ya fita da ƙara irin ta buɗe kwalbar lemo. Na ɗora tafin ƙafata a kan ƙasar da aka share aka yayyafa wa ruwa. Yatsuna suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, jini ya dawo garinsu da tsikari mai daɗi. Aka kawo mini silifa, ɗaya shuɗi ɗaya kore, dukansu na ƙafar hagu. Ban taɓa taka abin da ya san darajata irinsu ba.

Wata yarinya ta durƙusa ta miƙo mini moɗa daga randa. Ruwan randa ba ya sara haƙori, sanyinsa mai kunya ne, ga ƙanshin ƙasa. Jikin randa yana tsatsar da ruwa, iska ta busar da tsatsar, zafin ya tafi tare da ita. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba, malami daga Jigawa, ya saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Ni dai kyautata ita ce gyatsar da ta biyo bayan moɗar.

Abincin manyan baƙi, shinkafa da kaji, ya ƙare ina bayan rumbu. Abin da ya rage gasasshiyar doya ce daga murhu, an kankare baƙin, ga manja da yaji, da ɗan naman akuya. Na ci har da lasar yatsu. Wani zaren nama ya maƙale mini a turmin haƙori, na yi ta bin sa da harshe, ya ƙi. Baba ya karyo tsinken tsintsiya ya miƙo ba tare da ya dube ni ba. Zaren ya fito. Na yi hamdala da ƙarfi har liman ya waigo.

Abin da na lura shi ne, duk waɗannan daɗin ba a yin odarsu. Sosa bayan da ba ya ƙaiƙayi, sai ka ji haushi. Cire takalmin da ya yi maka daidai, ba abin da za ka ji. Ruwan randa ga wanda bai sha rana ba ruwa ne kawai. Kowannensu yana da ɗan dakonsa, wata ƙaramar wahala da ke shigo da shi, shi ya sa mai kuɗi ba ya iya tara su, talaka kuma ba ya rasa su. Mu ne dai muke wuce su da sauri muna hangen manya.

Na koma Lafiya da rigar aro, ina ƙanshin manja. Uwargida ta dubi silifan ta ce, "Sannu da zuwa, Baban yara. Ina fatar Italiya?" Na ce na ba ƙanen ango, domin ni mutum ne mai kyauta. Ta ce, "Haka ne," ta shige ɗaki da sauri, na jiyo tana tari.

Mai karatu, ban ce ka je neman karara ba. Wahala ta san gidan kowa, ba sai an aika mata ba. In ta zo ƙarama, ka yi haƙuri da ita, kuma in daɗinta ya biyo baya ka tsaya ka ji shi sosai ka gode wa Allah. Sai dai ka sayi takalmi daidai ƙafarka, kuma in ɗan acaɓa ya ce maka ba ta nan ba, to ba ta nan ba ce.