Ma'abota Lilon Sama da Halayensu

Tun daga shekarar 1893, sa'ad da injiniya George Ferris ya kafa wa taron baje kolin duniya na birnin Shikago wani makeken lilo na ƙarfe mai siffar ƙafar keke, tsayinsa wajen mita 80, da ɗakuna 36 rataye a jikinsa, manyan birane ba su gushe ba suna gasar gina irinsa, har ya zamana baƙo ba ya cewa ya ga gari sai an ɗaga shi an nuna masa rufin gidajen mutane. Ni dai abin kallona yana cikin ɗakin, domin da zarar an rufe ƙofa ba mai fita sai lilo ya kammala zagayensa, kuma ɗan Adam ba ya iya ɓoye ɗabi'arsa a tsakanin sama da ƙasa.

Shugabansu duka shi ne jarumin ƙasa. Je ka Coney Island a birnin Niyok, inda akwai lilon da ke aiki tun 1920, mai ɗakuna 24, takwas a kafe, sha shida kuwa suna sulalewa a kan dogo in lilo ya juya, za ka same shi a layi yana yi wa masu zaɓen kafaffun ɗakuna dariya, yana ba iyalinsa labarin dutsen da ya hau yana yaro. Can sama, da ɗakin ya zame kamar zai rabu da lilon, sai ka ga ya damƙe ƙarfe da hannu biyu, hula ta karkace, salati ya bi bayan istigfari, sa'an nan ya dubi matarsa da murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Hajiya, kuɗin nan da tela yake bina, ki tabbata an biya shi." Ƙafarsa na taɓa ƙasa kuwa sai ya gyara hula ya ce, "Au, har an gama ke nan?"

Bayansa sai masani, wanda ya haddace tarihin lilo tun a masauki kuma ya ɗauki isar da shi wajibi. A lambun Prater na birnin Biyena zai shaida maka cewa an gina lilon a 1897 don bikin cikar Sarki Franz Joseph shekara hamsin a kan gado, cewa asali ɗakunansa 30 ne, cewa ya ƙone a Yaƙin Duniya na Biyu, da aka gyara sai aka mayar da 15 kaɗai. Duk gaskiya ne, ba ƙari. Illa dai ladabin ilimi ya haɗa da sanin lokacin faɗinsa, shi kuwa ba ya kawo zancen gobarar sai kun kai ƙololuwa.

Mai camfi ya fi samun natsuwa a Landan, domin lilon da ke bakin kogin Thames ɗakunansa 32 ne amma lambobinsu sun kai 33, saboda an tsallake 13 da Turawa ke ƙyama. A Singafo ma, a 2008, an sauya wa lilon garin alƙiblar juyawa baki ɗaya bisa shawarar masana sa'a na al'adar Sinawa. Wanda ke zaton camfi na mutanen ƙauye ne sai ya sake shawara.

Wanda nake jin daɗin zama kusa da shi kuwa shi ne falken namu da ya je sarin kaya Dubai, aka lallashe shi ya hau Ain Dubai, wanda aka buɗe a 2021, tsayinsa mita 250, ɗakunansa 48. Teku na shimfiɗe a ƙarƙashinsa, dogayen benaye a gefe, Alhaji bai dube su ba. Leɓunansa na motsi, kai ka ce wuridi yake, alhali kuɗin tikiti yake ninkawa da yawan mutanen ɗaki, ya ninka da ɗakuna, ya cire albashin ma'aikata, har ya kai ga ribar shekara. Da ya gama sai ya ja rigar ma'aikacin wurin ya yi tambayar da ta fi damunsa: in aka ɗauke wuta fa, janaretonsu lita nawa yake sha?

Mai ɗaukar hoto ba ya buƙatar dogon sharhi, tun da garin yana bayansa daga hawa har sauka.

Amma musibar da ba ta da magani tana Tokiyo, a lilon Big O, wanda tsakiyarsa fayau take ba ginshiƙi, har jirgin wasa mai gudu yakan ratsa ta cikinta, kuma aka sa wa wasu ɗakunansa na'urar rera waƙa da makirfo. A nan ne abokin tafiyarka, wanda Allah bai ba shi murya ba amma ya ba shi yaƙini, zai tsare ka minti goma sha biyar, ba ƙofar gudu, ba damar toshe kunne saboda zumunci. Da an buɗe ƙofa sai ya ce bai kai baiti na ƙarshe ba, a sake sayen tikiti. A lokacin ne za ka ga mutanen da ba a san su da gaggawar ibada ba sun dubi agogo tare, sun ce la'asar na neman wucewa.